Yadda Ake Gano Ƙwayoyin Sel Masu Ƙarancin Oksijin a Cikin Ƙarin Kare

Karnuka biyu kan zo asibiti da ƙari iri ɗaya, a wuri ɗaya, girma kusan ɗaya, likitan fatoloji kuma ya ba su suna ɗaya. A yi musu gashin radiyeshin daidai wa daida, na ɗaya ya narke, na ɗayan ya ɗan lafa sannan ya sake tasowa. Dalilan suna da yawa, amma akwai wanda aka daɗe da sani kuma ana iya ganinsa da ido idan an bi hanya: a cikin ƙarin da ya yi taurin kai, sau da yawa akwai ƙwayoyin sel da iskar oksijin ba ta isar su, ba su mutu ba, ba su kuma cikin walwala. Wannan rubutu na ɗalibin likitan dabbobi ne da ma'aikacin ɗakin gwaji da ke son ya iya nuna waɗannan sel a kan gilashin da ake dubawa a madubin likita, ya kuma amince da abin da ya gani.

Tun 1953 Louis Harold Gray da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa oksijin ne ke ƙara wa radiyeshin kaifi. Radiyeshin yana yi wa DNA rauni, idan akwai oksijin a kusa sai ya manne a wurin raunin ya hana shi gyaruwa, idan babu shi sai sel ya ɗinke ɓarnar ya ci gaba da rayuwa. Sel da ba shi da oksijin yana bukatar radiyeshin ninki biyu da rabi zuwa uku kafin ya mutu kamar ɗan'uwansa mai wadatar iska. A 1955 Thomlinson da Gray suka duba yankakken naman sankarar huhun mutane, suka lura cewa mataccen nama yana farawa ne a wata tazara da ba ta cika canzawa ba daga jijiyar jini, wajen maikiron 150 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar noman rani ya ga irin wannan: kunyar da ke bakin hanyar ruwa shar take, ta can ƙarshe ta bushe ƙurmus, a tsakani kuma akwai wadda ta yi yaushi amma ranta bai fita ba. Wannan ta tsakiyar muke nema. Ita ce ke tsira daga gashi, ita ce magungunan sankara da ke bin jini ba su cika kaiwa gare ta ba, kuma ƙarancin iskar kan tura ta ta zama mai saurin bazuwa.

Akwai kuma nau'i na biyu na ƙarancin iska wanda masanin radiyeshin J. Martin Brown ya jawo hankali a kansa a 1979. Jijiyoyin jinin da ƙari ke ginawa kansa karkatattu ne, masu yoyo, sukan toshe na ɗan lokaci su sake buɗewa. Saboda haka sel da ke manne da jijiya ma yana iya rasa iska na wasu mintuna ko sa'o'i. Riƙe wannan a ranka, za ka bukace shi idan ka zauna gaban madubin likita.

Me ya sa kare? Domin ƙarinsa da kansa ya fito, ba dasa masa aka yi ba kamar na ɓeran gwaji. Yana da girman da za a iya ɗibar nama daga wurare daban-daban, yana da garkuwar jikinsa cikakkiya, yana shaƙar iskar da maigidansa ke shaƙa. A Kwalejin Likitan Dabbobi ta Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka ne Mark Cline da Donald Thrall, tare da James Raleigh da wasu, suka wallafa a 1990 cewa ana iya yi wa kare mai ƙari allurar wani sinadari mai suna CCI-103F, daga baya a gano inda ya manne a cikin naman ta hanyar rini da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da ke gane abu guda ya manne masa. Daga wannan layin aiki ne pimonidazol ya samu karɓuwa, shi ne ake sayarwa da sunan Hypoxyprobe, kuma da shi zan yi bayani.

Yadda sinadarin ke aiki

Pimonidazol ɗan dangin naitiro'imidazol ne. Flagyl da kowa ya sani ɗan wannan babban gida ne, amma kada ma ka yi tunanin maye gurbi da shi, tsarinsu ba ɗaya ba ne kuma antibodin ba don shi aka yi ba. Idan aka sa pimonidazol a jini, yana ratsa ko'ina, ya shiga kowane sel. A cikin sel akwai enzayim da ke ɗora masa ilektiron guda. Idan oksijin yana nan, nan take zai ƙwace ilektiron ɗin, sinadarin ya koma yadda yake, ya fice. Idan oksijin ya yi ƙasa da wajen milimita 10 na ma'aunin zaiba, babu mai ƙwacewa, sai sarrafawar ta ci gaba har sinadarin ya rikiɗe ya ƙulle da furotin ɗin sel ta wurin da suke da salfa. Wannan ƙulli ba ya kwancewa da wanki, ba ya kwancewa da fomalin ko kakin farafin.

Abubuwa biyu suka fito daga nan, kuma duk aikin a kansu ya rataya. Na farko, sai sel mai rai ne ke iya kama sinadarin, domin mataccen sel ba shi da enzayim mai aiki. Na biyu, alamar tana ɗoruwa ne lokacin da karen ke raye yana numfashi, sinadarin kuma yana yawo a jininsa. Abin da za ka gani a gilashi labarin waɗancan sa'o'in ne. Idan a cikinsu ka canza wa karen yanayin numfashi ko gudun jini, labarin da za ka karanta naka ne, ba na ƙarin ba.

Mataki na farko: duba karen, ka nemi izini

Pimonidazol ba magani ba ne, kayan bincike ne. Sai da amincewar kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike kan dabbobi a cibiyarku, sai kuma mai karen ya fahimci abin da za a yi ya sa hannu. Gaya masa gaskiya: allurar ba za ta warkar da ƙarin ba, za ta taimaka a san halinsa ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa wannan aiki da ɗibar nama ko tiyatar da dama an riga an tsara, don kada a kwantar da dabba sau biyu saboda sha'awar mai bincike.

Auna nauyinsa a sikeli, kada ka kintata. Ɗebi jini a duba aikin hanta da ƙoda, domin su ne za su fitar da sinadarin. A duba yawan jan jini. Kare mai lafiya yana tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari. A ƙasashenmu wannan gwaji ba na cika sharaɗi ba ne kawai: kaska ta yi wa karnuka da yawa illa, cututtukan da take ɗauke da su irin su babesiya da erlikiya suna tsotse jini, erlikiya kuma tana rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Kare mai ƙarancin jini yana kai wa ƙarinsa iska kaɗan, don haka sakamakonsa zai iya yin sama saboda kaska, ba saboda halin ƙarin ba. Rubuta adadin a takardarsa. Idan ƙwayoyin daskarewa sun yi ƙasa sosai, a ɗage yanka har a yi magani.

Auna ƙarin ta tsawo da faɗi da kauri, ka zana taswirarsa a takarda, ka nuna inda ya fashe, inda ya yi laushi, inda yake da tauri.

Mataki na biyu: lissafi da allura

Ana lissafa adadin ne da faɗin fatar jiki, kamar yadda ake yi wa magungunan sankara. A kare, mayar da nauyi zuwa giram, ka ɗaga shi zuwa ƙarfin biyu bisa uku, ka ninka da 10.1, ka raba da 10,000. Kare mai kilo 20 zai ba ka wajen murabba'in mita 0.74, mai kilo 10 wajen 0.47. Adadin da aka saba amfani da shi a binciken mutane shi ne giram 0.5 ga kowane murabba'in mita. Da wannan awo, kare mai kilo 20 zai samu wajen miligiram 370. Adadin da za ka yi aiki da shi dai shi ne wanda ke rubuce a tsarin binciken da kwamiti ya amince da shi. Kada ka ɗauko miligiram 60 ga kowane kilo da ake ba ɓera ka ɗora wa kare. Jikin ɓera yana fitar da sinadarin cikin mintuna, na babbar dabba yana ɗaukar sa'o'i, kuma wannan dangin sinadarai idan suka yi yawa jijiyoyin laka suke taɓawa. Abin da ya hana misonidazol, yayan pimonidazol, ci gaba a asibiti ke nan.

Garin pimonidazol yana narkewa a ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9. Narkar da shi cikin tsafta, ka tace idan tsarinku ya ce a tace, ka kare shi daga haske. Sa kanula a jijiyar ƙafar gaba, wadda ba ta ɓangaren ƙarin ba idan ƙarin a ƙafa yake. Bari ya shiga a hankali, wajen minti 20, kana kallon numfashi da dasashi da ko zai yi amai. An kuma gwada ba da shi ta baki a karnuka kuma ya yi alama, amma ta jijiya ce ke ba ka tabbacin lokacin da ya shiga jini.

Ga wurin da mutane ke ɓata aiki ba su sani ba. Yi allurar karen yana farke, yana shaƙar iskar ɗaki. Idan ka kwantar da shi da maganin barci ka sa masa tsantsar oksijin ta bututu, ka ƙara wa jininsa iskar da ba ya samu a gida. Wasu magungunan kwantarwa kuma, irin su zailazin da medetomidin, suna matse jijiyoyi su rage bugun zuciya, su ja sakamakon zuwa ɗaya ɓangaren. Idan karen mai faɗa ne, takunkumi da hannun maigidansa sun fi allurar kwantarwa. Idan ba makawa sai an kwantar, rubuta abin da aka ba shi da lokacin, kuma a yi wa duk karnukan binciken iri ɗaya.

Mataki na uku: jira

A mutane ana jira sa'o'i 16 zuwa 24, a karnuka ma washegari ake ɗibar naman. Dalilin jiran yana da muhimmanci. Da zarar likita ya ɗaure jijiyar da ke ciyar da ƙari, ko wuƙa ta raba nama da jiki, duk naman ya zama marar iska. Idan har lokacin akwai sinadarin da bai ƙulle ba yana yawo, zai manne a ko'ina, ka samu gilashi da ya rine baki ɗaya, ka ɗauka ƙarin ne ya lalace haka. Jira yana ba hanta da ƙoda damar share ragowar. Kada kuma ka wuce gona da iri, domin sel masu ƙarancin iska suna mutuwa suna faɗawa cikin mataccen nama, alamar tana raguwa da kwanaki. Zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kai ga kowane kare. A daren nan a ajiye shi wuri mai iska da ruwan sha, kada a ɗaure ƙarin da bandeji mai matsewa, kada a bar shi kwance a kansa a cikin ƙuntataccen keji.

Mataki na huɗu: ɗibar nama

Yanzu ana iya kwantar da shi yadda aka saba. Zuƙo sel da siririyar allura ba zai yi ba, domin abin da kake nema shi ne matsayin sel daga jijiyar jini, zuƙowa kuwa tana wargaza wannan tsari. Kana bukatar guntun nama da tsarinsa: allurar Tru-Cut mai kauri, ko abin huda mai faɗin milimita 6 zuwa 8, ko yanka da wuƙa. Mafi kyau duka shi ne a cire ƙarin gaba ɗaya idan dama tiyata aka shirya.

Guntu ɗaya ba ya wakiltar ƙari. Binciken da aka yi a karnuka ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin kusurwa da kusurwa a ƙari ɗaya yana da girma. Ni a ganina, duk wanda ya kawo sakamako daga allura guda ya faɗi halin wurin da allurar ta bi ne kawai. Ɗebi daga wurare da dama, gefe da tsaka-tsaki da kusa da ciki, ka sa wa kowanne lamba a taswirar da ka zana. Guji tsakiyar da ta ruɓe ta zama ruwa, babu sel mai rai a can. Guji bakin gyambo, kumburi da ƙwayoyin cuta sun hargitsa shi. Ka tabbata hanyar da allurar ta bi tana cikin yankin da za a yanke ko a gasa daga baya, don kada ka shuka sankara a lafiyayyen nama. Idan ƙarin na sel ɗin mast ne, masu ajiye histamin, a ba da maganin hana tasirin histamin kafin a taɓa shi. Kada ka matse guntun da hantsaki, kada ka ƙona gefensa da na'urar tsayar da jini.

Mataki na biyar: fomalin da kaki

Daga wuƙa zuwa kwalba, ba tsayawa ɗaukar hoto. Fomalin mai kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa, yawansa ninki 10 na naman. Idan ƙarin babba ne, yanyanka shi kada kauri ya wuce milimita 5, domin fomalin a hankali yake ratsawa, tsakiyar babban guntu zai ruɓe kafin ya isa. Sa'o'i 24 zuwa 48 sun wadatar. Naman da aka manta a kwalba makonni yana rufe wuraren da antibodi zai kama. Idan ƙarin ƙashi ne, a tausasa shi da EDTA, sinadarin da ke zare kalsiyam a hankali, ko da zai ɗauki lokaci, domin asid mai ƙarfi yana ɓata rini.

Sauran aikin da kowane ɗakin fatoloji ya sani ne: janye ruwa da alkohol, wankewa da zailin, zubawa a kakin farafin, yankawa da kaurin maikiron 4 zuwa 5. Yi amfani da gilashi mai riƙe nama, in ba haka ba yankin zai sulluɓe lokacin dafawa. Yanka da yawa a jere ka sa musu lamba: ɗaya na rinin hematoksilin da iyosin, ɗaya na pimonidazol, ɗaya na jijiyoyin jini, ɗaya na gwajin tabbatarwa.

Mataki na shida: rini da antibodi

Ɗumama gilasan a wajen digiri 60 kakin ya narke, ka wanke da zailin, ka sauko da su ta alkohol mai raguwar ƙarfi har zuwa ruwa. Jiƙa su a haidirojin feroksaid mai kashi 3 na wasu mintuna don kashe enzayim ɗin da ke cikin naman tun asali, musamman a jan jini da wasu fararen ƙwayoyin jini, in ba haka ba za su yi launi da kansu. Sannan a buɗe wuraren da fomalin ya rufe, ko dai ta dafawa a ruwan sitiret mai pH 6 na wajen minti 20 a bar shi ya huce da kansa, ko ta enzayim mai narkar da furotin. Bi abin da takardar antibodin ta ce, ka gwada a kan nama guda kafin ka sa duka.

Rufe naman da ruwan toshewa don hana antibodi mannewa barkatai. Zuba antibodi na farko, wanda ke gane pimonidazol da ya ƙulle. Sanannen cikinsu daga ɓera aka samo shi, kuma a nan mai aiki da kare ya fi mai aiki da ɓera sa'a, domin antibodi na biyu ba zai rikita shi da garkuwar jikin dabbar ba. Bar shi ya kwana a firiji a cikin akwati mai danshi, ko ya yi ɗan lokaci a zafin ɗaki. Wanke da PBS, ruwan gishirin da aka daidaita tsaminsa, sau uku. Zuba antibodi na biyu mai ɗauke da enzayim, ka sake wankewa, sannan DAB, sinadarin da enzayim ɗin ke sa shi ya yi launi. Tsaya a kansa kana kallo, launin ƙasa-ƙasa zai fito cikin mintuna kaɗan. Tsayar da shi da ruwa, kuma lokacin da ka ba gilashi na farko shi za ka ba na ƙarshe. Ɗan taɓa hematoksilin don cibiyar sel ta yi shuɗi, ka busar, ka rufe. DAB da fomalin da zailin duk masu cutarwa ne, sa safar hannu, ka yi aiki inda iska ke fita.

Tun daga zuba antibodi har ƙarshe, kada naman ya bushe ko na minti ɗaya. A lokacin hunturu da iska ke busar da komai, ɗigon da ka zuba zai ƙafe daga gefe kafin ka waiwaya, gefen kuma zai yi launin ƙarya. Antibodin kansa yana son sanyi marar yankewa. Inda wuta ke ɗaukewa, raba shi ƙanana-ƙanana tun ranar da ya iso, ka ajiye a firijin da ke kan sola ko janareta. Antibodin da ya sha zafi ba ya sanarwa, gilashi fari kawai zai ba ka, ka rubuta cewa ƙarin ba shi da ƙarancin iska.

Shi ya sa ba a rini ba tare da gilasan tabbatarwa ba. Ɗaya daga karen da ba a yi masa allurar ba, dole ya fito fari. Ɗaya daga naman da kake gwadawa amma ba a zuba masa antibodi na farko ba, shi ma fari. Ɗaya kuma wanda ka san dole ya yi launi. Tsakiyar ƙoda da yankin hanta da ke kewaye da jijiyar tsakiya suna kama pimonidazol ko a lafiyayyar dabba, don haka ƙoda ko hantar ɓeran da aka yi wa allurar tana yin wannan aiki, ko wani ƙari da ka riga ka tabbatar.

Mataki na bakwai: karatu

Fara da gilashin hematoksilin da iyosin. San inda ƙari yake, inda naman tallafi yake, inda ya mutu. Sannan ɗora na pimonidazol a ƙaramin girma, kada ka yi saurin shiga ciki. Idan komai ya tafi daidai, ga abin da za ka gani: jijiyar jini a tsakiya, kewaye da ita layukan sel masu shuɗiyar cibiya da farin jiki, kamar layi goma ko fiye. Daga nan launin ƙasa-ƙasa yana fara shigowa a hankali, ya yi duhu yayin da kake nisa da jijiyar, sai ya yanke kwatsam a bakin mataccen nama, wanda yake kodaɗɗe ba cibiya ba tsari. Launin yana cikin jikin sel ne, wani lokaci har cibiya. Wannan hauhawar a hankali, da yankewar kwatsam, su ne shaidar cewa abin da kake gani na gaske ne. Sa ma'auni ka auna daga jijiya zuwa inda launin ya fara, yawanci za ka samu maikiron 100 ko sama da haka.

Ba kowane launin ƙasa ne ƙarancin iska ba. Idan launin ya bi gefen yankin nama kamar an zana masa iyaka, bushewa ce. Idan yana cikin ruɓaɓɓen wuri a warwatse, datti ne da antibodi ya maƙale a ciki, kada ka ƙirga. Idan ƙwayoyi ne masu walƙiya kamar zinariya a cikin manyan sel masu cinye datti, ragowar tsohon jini ne, za ka same su a gilashin da ba antibodi ma. Melanoma ta baki, wadda karnuka ke yawan yi, tana da baƙin launinta na halitta da ke kama da DAB sak, a nan sai a canza zuwa rini ja. A sankarar fata da ta baki mai yin keratin, an lura cewa sel da suka manyanta suna yin keratin kan kama pimonidazol sosai, don haka launin da ke kewaye da dunƙulen keratin a yi masa taka-tsantsan, a rubuta shi daban.

Idan kuma ka ga launi manne da jijiya fa? Kada ka yi saurin cewa kuskure ne. Koma gilashin da ka rina jijiyoyi da CD31 ko sinadarin von Willebrand, furotin ɗin da ke bangon cikin jijiya. Wataƙila jijiyar tana nan amma ta toshe a lokacin da sinadarin ke yawo, wato nau'in da Brown ya bayyana. Wataƙila jinin da ke cikinta ya riga ya sauke iskarsa kafin ya iso. Akasin haka ma yana faruwa: wuri mai nisa da kowace jijiya amma fari, saboda akwai jijiya a sama ko ƙasa da inda wuƙa ta yanka. Gilashi yanki ne siriri daga abu mai kauri.

Mataki na takwas: ƙirga

Abin da ake bayarwa shi ne kason wurin da ya yi launi a cikin ƙari mai rai. Cire mataccen nama, cire naman tallafi, cire ramuka da ninkewa, sannan ka raba. Wanda ya raba da faɗin gilashi duka zai samu adadi ƙarami a ƙarin da ya fi ruɓewa, wato ya juya gaskiya. Idan akwai kyamara, manhajojin ImageJ da QuPath kyauta ne. Zaɓi iyakar duhun launi ta hanyar kallon gilasan tabbatarwa, ka riƙe ta ga dukkan samfura, hasken madubi ma kada ya canza. Idan babu kyamara, sa gilashin ido mai layukan raga, ka ƙirga mahaɗar da ta faɗa kan sel mai launi da wadda ta faɗa kan ƙari mai rai, a filaye da yawa da aka zaɓa bisa tsari, ba inda ido ya fi so ba. Wasu suna amfani da maki: sifili, sai har kashi 5, sai 5 zuwa 15, sai 15 zuwa 30, sai sama da 30. Mutum biyu su karanta kowa daban, ba tare da sanin wane kare ba ne ko yadda ya ƙare.

Inda ba a samu yin allura ba

Tsofaffin tubalan kaki da ke ajiye a ɗakunan fatoloji ba su da pimonidazol a ciki. A kansu ana rina furotin da sel ke yi da kansa idan iska ta yi masa kaɗan: HIF-1α, wanda aikin gano tsarinsa ya kai Semenza da Ratcliffe da Kaelin ga kyautar Nobel ta 2019, da CA IX, da GLUT-1. Sun fi sauƙi, amma ban ɗauke su daidai da pimonidazol ba. HIF-1α yana rushewa cikin mintuna idan ya haɗu da oksijin, yana kuma taruwa idan nama ya jima a tire kafin fomalin, sannan wasu sankarori suna kunna shi ko da iska ta wadata. Dole kuma ka tabbatar antibodin da ka saya yana gane furotin ɗin kare, yawancinsu don mutum aka yi su.

An yi amfani da allurar lantarki ta Eppendorf da ke auna oksijin kai tsaye yayin da take ratsa ƙari, sai dai ba ta bambance mataccen nama da mai rai. Akwai hoton PET, wanda ke bin sawun sinadari mai radiyeshin da aka sa a jini. Ana yin sa da FMISO, ana ɗauka sa'o'i 2 zuwa 4 bayan allura, ko da Cu-ATSM wanda aka gwada a karnuka a Kofanhegan da Wisconsin. Amfanin PET shi ne yana nuna ƙarin duka ba tare da yanka ba, amma sinadarin fulorin 18 da ke cikin FMISO rabinsa yana ƙarewa cikin minti 110, sai cibiyar da ke kusa da injin haɗa shi. Hanyar rini kuwa tana bukatar abin da tsangayoyin likitan dabbobi irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri suka saba da shi: injin yanka, kaki, madubi da ma'aikaci mai haƙuri, sai sinadarin da antibodin da za a yi oda.

A rahotonka, kada ka rubuta kaso kaɗai. Rubuta nau'in ƙarin da girmansa, yawan jan jinin karen, adadin sinadarin da hanyar da aka ba shi, sa'o'in da ke tsakanin allura da yanka, maganin kwantarwa idan an ba da, tsawon zama a fomalin, yawan guntayen da inda kowanne ya fito, da kason kowane guntu daban kafin ka haɗa matsakaici. Idan guntu ɗaya ya ba da kashi kaɗan wani ya ba da mai yawa, rubuta duka biyun, domin likitan da zai tsara gashi yana bukatar sanin wane ɓangare ne ya fi rashin iska.